Laka, Riɗi da Birkin Baya: Abin da Na Gani a Gadarif

Duk mai son ya fahimci Gadarif, to ya fara da duba ƙasarta. Baƙa ce mai danƙo irin ta fadama, a shimfiɗe iya ganin ido, sai ɗaiɗaikun duwatsu da ke tsaye can nesa. Da rani takan tsage har mutum ya iya zura hannu cikin tsagar. Ruwan farko na sauka sai ta kumbura, ta haɗe bakinta, ta zama laka mai kama ƙafa da taya. Ita ce arzikin garin, domin ita ke ba da dawa da riɗin da ake ji da su a faɗin Sudan. Ita ce kuma ke cinye motocin da ke jigilar wannan arziki.

Ziyarar dangi ce ta kai ni, a kakar ƙarshe kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Daga Khartum zuwa Gadarif tafiyar kilomita kusan 410 ce. Mota takan bi gefen Shuɗin Nilu har Wad Madani, ta haye gadar Hantub, sannan ta miƙe gabas a kan titin da 'yan ƙasar Sin suka shimfiɗa a shekarun 1970. A Fau muka tsaya salla da shan shayi a gindin duwatsu. Daga nan kuwa sai gonaki dama da hagu, dawa ta fitar da kai, riɗi an yanke an jingina shi dami-dami yana shan iska. Tireloli na ta wuce mu, sun nufi Kasala da Fot Sudan.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, mahajjata kan yada zango a nan su yi noma don neman guzuri, da yawa kuma zangon ya zame musu gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka ci gaba da hijira gabas, har suka kafa garin Maiwurno kusa da Sannar. Zuriyar waɗannan matafiya ta bazu har Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad. A kasuwa za ka ji Hausa na tashi gauraye da Larabci, da dare kuma ƙamshin agashe ya cika bakin titi. Mai masaukina, wanda nake kira Kawu, a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, noman riɗi da dawa kuma shi ne sana'arsa.

Noman Gadarif ba na fartanya kaɗai ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka shigo da tarakta yankin Gadambaliya, daga nan noman inji mai dogaro da ruwan sama ya kafu. Gonar mutum ɗaya takan kai fadan 1,000, fadan guda kuwa murabba'in mita 4,200 ne. A cikin gari akwai katafaren rumbun siminti da Tarayyar Sobiyet ta taimaka aka gina a shekarun 1960, mai cin hatsi kusan tan 100,000, ga kuma kasuwar amfanin gona inda ake yi wa riɗi farashi. Sai dai tsakanin gona da kasuwa akwai tazara, kwalta kuma ba ta isa ko'ina ba. Abin da ke cike wannan tazara ita ce a-kori-kura, wadda mutanen nan ke kira boksi, galibi ƙirar Toyota Hilux. Ita ke kai iri da man tarakta da ruwan sha, ita ke kwaso ma'aikata, ciki har da 'yan ci-rani daga Habasha masu ƙetarowa ta Galabat. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai kwanson ya fashe ya zube. Saboda haka motar da ta kwanta a watan Oktoba ta kwanta da rabin wahalar shekara.

Boksin Kawu ta fito daga damina da ciwo. In ya taka birki sai baya ya yi ƙara, motar ta karkata gefe guda, birkin hannu kuma ya daina riƙewa. Ya ji ana cewa maganin abin shi ne a cire gangar birkin baya a sa faifai irin na gaba. Da sassafe muka nufi unguwar masana'antu, inda makanikai da maƙera da masu walda suke.

Wurin ya tuna mini Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai a nan tarakta da garmar faifai sun fi ƙananan motoci yawa. A wata kusurwa na ga tsohuwar Bedford irin wadda Sudaniyawa ke kira Sifinja. Motar Ingila ce tun asali, amma makanikan Sudan sun daɗe da mayar da ita tasu, sun ƙarfafa shasi, sun ƙara sifirin, sun sake bodi, har tana ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su tsara mata ba. A irin wannan gari, sauya wa mota halitta ba abin mamaki ba ne. Tambayar kawai ita ce wa zai yi aikin, kuma da wane ilimi.

Makaniken da Kawu ya amince da shi dattijo ne Bahaushe, kowa na kiransa Usta. Bayan gaisuwa mai tsawo da kofin gahawa mai citta, Kawu ya faɗi buƙatarsa. Usta bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Alhaji, bari mu buɗe tukuna. Ba a rubuta magani kafin a ga maras lafiya."

Yara suka ɗaga motar, suka sa mata ƙafafun ƙarfe, suka kwance tayar baya. Gangar ta ƙi fita sai da aka sassauta takalman birkin ta wata 'yar kafa da ke bayanta, aka bi gefenta da guduma a hankali. Tana zamowa sai busasshiyar laka ta zubo ƙasa, ta kai cikin tafi biyu, gauraye da baƙar ƙura. Usta ya shafa cikin gangar da yatsa, ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Duk ta yi kwari-kwari, tsakuwa ta zana ta zagaye. Takalmi ɗaya ya cinye har ƙarfe ya fito, ɗayan kuwa ya jiƙe da mai, domin robar ƙaramar silindar da ke tura su ta tsage. 'Yar ƙusar da ke matso da takalman in sun ci, tsatsa ta riƙe ta, da ƙyar take motsi.

A nan ya yi mini bayanin bambancin. Birkin ganga rufaffe ne. Takalma biyu ne a ciki, man birki ya tura su waje su goge cikin gangar, sifirin ya dawo da su. Birkin faifai kuwa a buɗe yake: faifan ƙarfe na juyawa tare da taya, kalifa ta matse shi da fad biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Ganga tamkar tukunya ce mai murfi, ba kasafai abu ke shiga ba, amma in ya shiga ba ya fita, ko zafi ne ko ruwa ko laka. Faifai kuwa juyawarsa ke watsar da abin da ya manne masa, iska na shanye zafinsa, taki ɗaya ko biyu sun isa su share shi bayan an fito daga ruwa.

Dukkansu tsofaffin dabaru ne. A 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Ganga ta riƙe kasuwa kusan shekara 50, sai da motar Jaguar mai faifai ta ci tseren Le Mans a 1953, Citroën DS kuma ta fito da shi a 1955, sannan faifai ya samu shiga. Duk da haka Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta daɗe da ganga a baya, sai a 2022 aka fara ganin faifai a bayan wani babban samfurinta a Ostareliya. Akwai dalili. In aka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, tayoyin gaba ke yin mafi yawan aikin. Ganga ta fi araha, takalmanta sun fi daɗewa a busasshiyar hanya, kuma tana riƙe birkin hannu da kyau ko da kaya a kan gangara.

Masu tallar faifai sun fi kafa hujja da zafi, wato yadda ganga ke yin sanyin kamu in an daɗe ana taka ta a doguwar gangara. Wannan gaskiya ne ga mai saukowa daga duwatsun Sinkat zuwa Sawakin, ko mai hawa tsaunukan Habasha bayan Matama. Amma Gadarif fili ce. Usta ya ce a nan hujja ɗaya ce mai ƙarfi, ita ce laka. Motar da ke kutsawa cikin taɓo har wuyan taya daga Yuni zuwa Satumba, gangarta sai an riƙa buɗewa ana wankewa, ga shi kuma ba wanda ke da lokacin haka a tsakiyar shuka da noma.

Kafin ya yanke hukunci sai ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kira Kawu.

"Alhaji, wa ya ƙara maka ganyen sifirin?"

"Ni na sa aka ƙara biyu-biyu, Usta. Kaya na danne ta."

Usta ya nuna mana wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa auna kaya. In bodi ya sauka saboda nauyi, ƙarfen ya motsa, bawul ya ƙara wa baya ƙarfin mai. In motar ba kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su daskare. Motar an ƙera ta ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhun dawa 11 masu kilo 90. Mutane na loda mata fiye da haka, sai su ƙara sifirin don kada ta durƙusa. To da sifirin ya yi tauri, bodi ba ya sauka yadda ya kamata, bawul ɗin ya ɗauka kayan kaɗan ne, ya hana baya ƙarfin da yake buƙata. Direba ya taka, motar ta ƙi tsayawa, ya ɗora wa ganga laifi. Usta ya ce da yawan masu zuwa neman faifai, matsalarsu ke nan, kuma ko an sa musu faifan ba za ta gushe ba sai an daidaita wannan ƙarfe, an kuma rage lodi.

Sannan ya ja mu bayan gareji, inda wata boksi ke ajiye da dutse a bayan tayarta. An sauya mata birki a wani wuri. An yanko farantin da ke riƙe kalifa da wutar walda, ba awo, aka liƙa shi a jikin aksul. Kalifar ta zauna a karkace, fad ɗaya ya cinye gefe guda. Wayar birkin hannu an naɗe ta an ɗaure a shasi, domin mai aikin bai san inda zai haɗa ta ba. Mai motar ya ce ranar da ya taka da ƙarfi a kan tsakuwa, ba kaya, baya ne ya juyo ya zama gaba. Allah ya kiyaye ba kowa a bodi.

Usta ya ce, "Ka gani, Malam. Shi ma faifai ne. In gaba ya fara daskarewa, mota takan zarce a miƙe. In baya ya riga, sai ta juya da kai. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya taɓa birkin mutane ba."

Ga motar Kawu dai ya yarda a yi aikin, saboda gonarsa na can cikin laka, amma da sharaɗi: ko a yi shi cikakke, ko a bar shi. Aka samo kayan baya na Prado a wajen masu kayan gwanjo, faifai da kalifa, ramin ƙusa shida irin na Hilux. Ya zaɓe su ne domin a tsakiyar faifan akwai 'yar ƙaramar ganga da takalmanta, wadda aikinta birkin hannu kawai. Ya auna kaurin faifan ya gwada da lambar da aka buga a gefensa, ya mayar da guda ɗaya da ya sirance, aka kawo wani. Fad, robobin kalifa, tiyo, boris da sil kuwa ya ce sababbi za a saya, ba ya sa gwanjo a waɗannan.

Aikin da kansa na haƙuri ne. Sai an zare shaf ɗin kowane gefe, an kai shi injin matsi an fitar da boris, sannan farantin tsohuwar ganga ya fita. Sabon farantin da zai riƙe kalifa, a wajen mai injin gurzar ƙarfe aka yi shi da ƙarfe mai kauri, bisa awon da Usta ya zana a kwali, kuma da ƙusoshi aka ɗaure shi a mazaunin tsohon, ba a sa masa walda ba. Na ga yana zura siraran ƙarafan awo tsakanin faifai da kalifa, ciki da waje, yana kwancewa yana sake ɗaurawa har tazarar ta zo daidai. Ya tabbatar 'yar ƙusar fitar da iska tana sama a kowace kalifa, domin in aka musanya ta dama da ta hagu ƙusar takan koma ƙasa, iska kuma ba za ta taɓa fita ba. Tsohon wili mai inci 15 ya gogi kalifa, dole aka koma mai inci 16, abin da ya jawo sayen tayoyi.

Da aka zuba mai aka fitar da iska, feda ta yi nisa kafin ta kama. Usta ya ce dama ya zaci haka, saboda fistin ɗin kalifa ya fi na ganga girma, ya fi shan mai. Aka sauya masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, da mai faɗin ciki. Man birkin ma gaba ɗaya aka zubar da tsohon, aka buɗe sabon gwangwani. Wannan mai yana shan danshin iska. Mai lamba DOT 4 in sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko kusan 155, in kuwa ya tafasa feda sai ta tafi ƙasa ba kamu. Shi ya sa Usta ba ya karɓar man da aka ɗura a robar ruwa ana sayarwa a bakin titi.

Gwaji aka yi a wata hanyar ƙasa a bayan gari. Usta na tuƙi, yaronsa na tsaye a gefe yana kallon tayoyin. Takin farko, ba kaya, baya ya riga daskarewa, ya ja layi biyu a ƙasa. Aka kwanta aka taɓa ƙarfen bawul, aka sake. Haka aka yi ta yi har gaba ya riƙa fara kamawa, motar na tsayawa a miƙe. Sannan aka loda buhunan dawa aka maimaita. Daga ƙarshe ya hau da ita kan tudun wata hafira, irin tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan sama, ya ja birkin hannu, ya sa giya a firi, ya fito ya tsaya. Motar ba ta motsa ba.

Bai ɓoye wa Kawu sauran gaskiyar ba. Faifai ma laka na cin sa. Tayoyin gaba na watso wa na baya taɓo da tsakuwa, fad zai riƙa cinyewa da wuri fiye da takalmin ganga, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu kuma sukan daskare in ba a wanke ana sa musu giris ba. Ribar ita ce komai a fili yake. Cire taya kawai ya isa a ga halin da ake ciki, bokitin ruwa ya isa wanki, sauya fad kuma aikin 'yan mintuna ne a gindin bishiya.

A ranar wani maƙwabcin Kawu, mai jigilar kayan shago tsakanin Gadarif da Doka a kan kwalta, ya zo da irin wannan buƙata. Usta ya buɗe, ya wanke, ya sa sababbin takalma da silinda, ya daidaita, ya sallame shi da kuɗin da bai kai kusa da na Kawu ba.

"Ɗan'uwa, motarka ba ta shiga laka. Gangarka lafiya lau take. Riƙe kuɗinka ka sayi taya mai kyau."

Wannan ne abin da ya fi zauna mini a rai cikin duk tafiyar. Mutum ɗaya, a yini ɗaya, ya yarda da aiki ga wani, ya hana wani, kuma duka biyun don maslahar mai motar. Ya rasa ciniki babba a kan na biyun, bai kuma damu ba.

Bayan dawowata yaƙi ya ɓarke. Khartum, inda mafi yawan kayan gyara ke fitowa, ta zama fagen fama. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, dubban iyalai suka kwararo Gadarif, da yawansu a bayan irin waɗannan motoci, sai a Janairun 2025 sojoji suka sake karɓe Wad Madani. A irin wannan hali wata tambayar da Usta ya yi wa Kawu ta ƙara nauyi: in fad ya ƙare kana gona, ina za ka samu? Motar da aka bari yadda aka ƙera ta, kowane mai shago ya san lambar kayanta. Wadda aka sauya kuwa sai mai ita ya riƙe a ka, ko a takarda, cewa bayanta kayan wace mota ne. Shi ya sa ya rubuta wa Kawu lambobin a kwali, ya sa ya sayi fad na ajiya tun a ranar. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa.

Mu ma a gida muna da lakarmu, a fadamun Haɗeja, a Bakalori, a Kadawa, muna da a-kori-kura masu ɗaukar buhu da mutane tare ranar kasuwa, muna kuma da makanikai masu basira a Ƙofar Ruwa da Fanteka ta Kaduna. Ga mai tunanin sauya birkin baya, shawarata ita ce ya fara da buɗe gangar a gyara ta yadda ya kamata, a duba bawul ɗin kaya, a sauya mai, a rage lodi. In bayan haka hanyarsa ta laka ce da gaske, to ya nemi wanda zai yi aikin da awo, ya haɗa birkin hannu, ya daidaita masta, ya gwada motar da kaya da ba kaya a gabansa. In kuɗinsa bai kai ga wannan ba, ya haƙura ya zauna da gangarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Waɗanda ke zaune a bodi ba su ga abin da aka ɗaura a ƙarƙashinsu ba, amanarsu na wuyan mai mota da makanikensa.